Leda ɗaya, magani goma sha uku: nazarin lamarin wata dattijuwa a Aboabo

Wurin da mutanen

Ni mai harhaɗa magunguna ne, haifaffen Zongon Kumasi, kuma ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi. Likita ɗaya gare mu, da mataimakinsa, da nas uku, da ɗan ɗakin gwaji. Akasarin masu zuwa wurinmu da katin inshorar lafiya suke zuwa, tsarin da Ghana ta kafa da dokar 2003. Ranar Litinin benci kan cika kafin ƙarfe takwas. Mutum ya shiga wurin likita, ya fito cikin 'yan mintuna, ya miƙo mini folda ta taga, in ƙirga ƙwayoyi in rubuta 1x2 a jikin ambulan, na bayansa ya matso.

Wadda lamarin ya shafa dattijuwa ce mai shekara 67. Zan kira ta Hajiya, yadda unguwa ke kiranta. Fiye da shekara talatin tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi: ta tashi ƙarfe uku na dare ta tsaya kan tukunya, gari ya waye ta tsaya kan tebur har hantsi. Hawan jini ya shekara takwas a jikinta, ciwon suga biyar. A farkon 2022 magani biyu kawai take sha, amlodifin na hawan jini miligiram 5 sau ɗaya a rana da metfomin na suga miligiram 500 sau biyu. Awon jininta kan tsaya wajen 138/85, sugan safe kafin karyawa wajen 7, gwajin ƙoda kuwa, wato kiriyatinin, ya nuna 80. A ma'aunin da ɗakin gwajinmu ke amfani da shi, 80 lafiya lau ne ga mace.

Akwai abu ɗaya da za a riƙe tun daga nan. Likitanmu ba ya jin Hausa. Hajiya tana jin Tuwi, yaren Asante, amma na ciniki, wanda za ta sayar da abinci da shi ta ba da canji, amma in zancen ciwo ne gajerun amsoshi take bayarwa. In nas mai jin Hausa tana kusa ta fassara, in ba ta nan a lallaɓa haka.

Yuli zuwa Satumba 2022: awo ya fara hawa

A watan Yuli awon jini ya nuna 160/98. Likita ya tambaye ta ko tana shan maganinta, ta ce tana sha. Ya tambaye ta ko tana shan wani magani ban da namu, ta ce a'a. An rubuta wannan a folda, na gani da idona daga baya. Aka ɗaga amlodifin zuwa miligiram 10.

A Satumba ta dawo da kumburin ƙafa, takalmin sallarta na roba ba ya shiga. Aka duba ƙirji, ba ruwa a huhu, ba ta haki. Aka rubuta furosemayid miligiram 40 kowace safiya, wanda mutanenmu ke kira maganin fitsari. Ni na ƙirga mata shi. Na gaya mata ta sha da safe don kada ya hana ta barci, ta yi godiya ta tafi. Kumburin ya ɗan sauka, bai tafi ba.

Oktoba 2022: taron ƙara wa juna sani

A Ghana likita ko mai harhaɗa magunguna ba ya sabunta lasisinsa sai ya nuna shaidar ƙarin ilimi. Majalisar Likitoci da Majalisar Harkar Magunguna, waɗanda doka mai lamba 857 ta 2013 ta tsara aikinsu, kowacce tana neman maki daga tarukan da ta amince da su. Saboda haka in shekara ta fara nisa za ka ga muna neman inda za mu cike gurbi. A Oktoba ni da likita muka je taron yini ɗaya a zauren wani otal a cikin gari, kan amfani da magani yadda ya kamata.

An faɗi abubuwa na gaskiya. An tuna mana ma'anar da aka tsayar a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Nairobi a 1985: majiyyaci ya sami maganin da ya dace da ciwonsa, gwargwadon da jikinsa ke buƙata, na tsawon lokacin da ya isa, a kan kuɗi mafi sauƙi gare shi da jama'arsa. An kawo ƙiyasin hukumar cewa sama da rabin magungunan duniya ba a rubuta su, ko ba da su, ko sayar da su bisa ƙa'ida, kuma rabin majiyyata ba sa shan su daidai. An bi ma'aunan da hukumar ta fitar a 1993 ɗaya bayan ɗaya: magani nawa ake rubuta wa mutum a zuwa ɗaya, nawa ne cikin majiyyata ke fita da antibayotik, nawa ke shan allura, nawa aka rubuta da sunan asali ba na kamfani ba. An ɗaga mana littafin ƙa'idojin jiyya na Ma'aikatar Lafiya, bugu na bakwai na 2017. Bayan cin abincin rana wata mai jawabi ta ambaci wata dabara a gurguje: a sa tsoho ya zo da duk abin da yake sha a gida, a zube a tebur a duba. Na rubuta a gefen takarda. Da yamma muka karɓi shaidarmu.

Da muka dawo mun yi abu biyu. Na buga takarda mai ɗauke da ma'anar Nairobi na manna a bangon ɗakin likita da kusa da tagata. Muka kuma buɗe zaure a WhatsApp na ma'aikatan asibiti, na zuba hotunan allon taron a ciki. Sati biyu ana magana, daga nan shiru. Yadda muke rubuta magani da yadda muke ba da shi bai canza ba.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: tari da suga

A Nuwamba awon Hajiya 164/100. Aka ƙara lisinofiril, wani maganin hawan jini, miligiram 10. Zaɓin ba baƙo ba ne ga mai hawan jini da suga, domin irin wannan magani yana kare ƙoda in an yi amfani da shi da lura. Lurar ita ce a auna kiriyatinin da fotasiyam, wani sinadari na jini da ƙoda ke daidaitawa, kafin a fara, a sake aunawa bayan sati ɗaya ko biyu. An rubuta mata gwajin. Ta ga layin ɗakin gwaji, ta tuna tukunya, ta tafi gida. Ba wanda ya bi sawu.

Cikin Disamba ta fara tari, busasshe, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya fi tsanani da dare. Hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, rabin masu zama a benci tari suke yi. Aka ce na hunturu ne, aka ba ta maganin tari na kwalba. Bayan sati biyu ta dawo, aka rubuta antibayotik, amoksisilin, na kwana bakwai. A Janairu ta sake dawowa, aka ɗauki hoton ƙirji aka gwada majina don tarin fuka, duka ba komai. Aka ba ta wani antibayotik na biyu. Tarin bai ko girgiza ba.

A wannan zuwan ne aka ga suga ya kai 13. Likita ya yi mata nasiha kan tuwo da shayi mai zaƙi, ya ƙara wani maganin suga, gilibenkilamayid miligiram 5. Nas ta ce da ita, "Mma, kin yi kyau, fuska ta ciko." Hajiya ta yi dariya ta ce maƙwabta ma sun faɗa. Daga magani biyu ta kai biyar na kullum, ga na tari. Ana maganin ƙaba kai na daɗa kumbura.

Maris 2023: ranar shida ga azumi

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, lokacin da rana ke da ƙarfi a Kumasi. Ba wanda ya zauna da Hajiya kafin azumi kan yadda za ta tsara magani. Ita ta tsara wa kanta: duk na safe ta haɗiye su a sahur, har da maganin fitsari da gilibenkilamayid, sannan ta wuni ba ruwa. A azumi ta mayar da sana'ar zuwa yamma don masu buɗa-baki, wato tsakar rana take kan wuta.

Ranar shida, kafin la'asar, 'yarta ta same ta zaune a ƙasa kusa da murhu, gumi ya jiƙa ta, tana magana ba kan gado. Aka ɗauko ta a pragya, keke mai ƙafa uku. Suga ya faɗi zuwa 2.6, awon jini 94/60, harshe a bushe. Aka ɗaura mata ruwa mai suga ta jijiya, cikin mintuna ta dawo hayyacinta ta fara tambayar wa ke duba tukunya. Gwajin jini ya fito da dare: kiriyatinin 240, fotasiyam 5.6. Muka tura ta babban asibiti. Kwana biyar ta yi. An tsayar da lisinofiril da furosemayid da magungunan suga biyu, aka yi ta ba ta ruwa ana aunawa. Ba a kai ga wankin ƙoda ba. Ranar sallama kiriyatinin ya sauko 130. Takardar da ta dawo da ita, da Turanci, ta ce ƙoda ta sami rauni na gaggawa saboda ƙarancin ruwa da magungunan hawan jini, a ci gaba da amlodifin, a sake gwaji bayan sati biyu.

Afrilu 2023: leda

Daren da aka tura ta na kasa barci. Na ɗauko foldar na bi ta shafi shafi, sai na ga duk maganin da aka ƙara yana da dalili a ranar da aka rubuta shi, amma ba inda aka bayyana me ya sa jinin ya fara hawa a Yuli, bayan shekaru yana zaune. Ruwa ba ya tsami banza. A nan na tuna abin da na rubuta a gefen takardar taro. Na kira 'yarta na ce ranar dawowa ta zo da duk abin da Hajiya ke haɗiya ko sha ko shafawa, na asibiti da wanda ba na asibiti ba, ko da kwalba ce ta rage kaɗan.

Suka zo kwana uku kafin ƙaramar sallah da baƙar leda a ɗaure. Ban tsaya a taga ba. Na shigo da su ciki, na sa wa Hajiya kujera, na roƙi likita ya ba mu minti ashirin. Muka zazzage ledar a kan tebur. Na ware namu gefe guda: amlodifin, lisinofiril, furosemayid, metfomin, gilibenkilamayid, kwalbar tari, da ragowar amoksisilin. Bakwai ke nan. Sauran shida ba mu san da su ba: farasitamol, ibufurofen da maƙwabciya ta ba ta, kwalbar maganin ƙarin jini, wani jiƙo na gargajiya a gorar ruwa, da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na farar takarda, kowane ƙulli da babbar ƙwaya ɗaya da ƙanana farare biyu.

Na ɗaga ƙulli ɗaya. "Mma, wannan fa?"

"Wannan na gwiwa ne, ɗana."

"Tun yaushe kike sha?"

Ta ɗan yi lissafi. "Tun bayan ƙaramar sallar bara. Safe ɗaya, dare ɗaya. In ban sha ba ba na iya tsayuwa kan tukunya, ruku'u ma sai da dabara."

"Amma Dokta ya tambaye ki ko kina shan wani magani, kika ce a'a."

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Ai ba na zuwa wani asibiti. Ku kaɗai nake zuwa. Wannan a shago nake saya."

Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta ji a tambayar shi ne ko tana cin amanar asibitinmu tana karɓar magani a wani wuri. Abin shago kuwa, a wurinta, kamar man zafi ne ko goro. Na fassara wa likita, ya dafe kai ya yi shiru.

'Yarta ta koma shagon ta ɗauko mana hoton kwalayen da ake ɓaro ƙwayoyin. Babbar diklofenak ce, maganin ciwon gaɓa, miligiram 100. Ƙananan deksametason ne, maganin kumburi mai ƙarfi dangin sitiroyid, rabin miligiram kowace. Wato kusan wata goma sha ɗaya Hajiya tana shan diklofenak miligiram 200 a rana, alhali iyakar da aka saba ba babba ita ce 150 kuma na ɗan lokaci, tare da deksametason miligiram 2. Tun da aka sallamo ta ma ta koma kansu, domin ba wanda ya hana ta abin da bai san da shi ba. Ta kuma koma shan maganin fitsari duk ranar da ƙafa ta kumbura, tunda yana nan cikin leda.

Daga nan komai ya jeru. Diklofenak da 'yan uwansa suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma rage ƙarfin magungunan hawan jini. Deksametason ma yana ɗaga jini. Shi ne hawan Yuli. Amlodifin miligiram 10 sananne ne da kumbura ƙafa, kumburin da ba na tarin ruwa a jiki ba ne, don haka maganin fitsari ba ya warkar da shi. Lisinofiril sananne ne da busasshen tari, wanda ba antibayotik da zai taɓa shi. Deksametason yana ɗaga suga, yana cika fuska. Ƙoda kuwa, na bayyana wa Hajiya da misalin famfon gidan haya. Tacewa tana buƙatar matsi. Diklofenak yana tsuke bututun da ke shigo da jini cikin matatar, lisinofiril yana sakin bututun da ke fitar da shi, maganin fitsari da azumi suka rage ruwan da ke cikin tanki. Matsi ya faɗi, tacewa ta tsaya. Da ƙoda ta yi rauni, gilibenkilamayid ya daɗe a jiki fiye da ƙima, ga ciki ba abinci, suga ya faɗi.

A ranar likita ya mayar da amlodifin miligiram 5. Muka kwashe lisinofiril da furosemayid da gilibenkilamayid da ibufurofen da ragowar antibayotik daga ledar gaba ɗaya, ba mu bar ta ta koma gida da su ba. Jiƙon da na ƙarin jini muka roƙe ta ta ajiye, tunda ba mu san abin da ke cikin na farko ba, kuma gwaji bai nuna tana buƙatar na biyu ba. Deksametason ba a yanke shi rana ɗaya, domin wanda ya daɗe yana sha jikinsa kan daina yin nasa na halitta, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Likita ya mayar da ita kan ɗan uwansa firedinisolon ya tsara ragewa a hankali cikin makonni. Kiriyatinin ranar 128 ne, aka dawo da metfomin miligiram 500 sau ɗaya a rana. Gwiwa kuma aka ce farasitamol giram ɗaya sau uku.

Mayu zuwa Yuni 2023: gyaran farko bai riƙe ba

Tari ya riga ya tafi cikin makonnin da suka biyo bayan tsayar da lisinofiril. Kumburin ƙafa ya sauka. Suga ya fara sauka yayin da ake rage firedinisolon. Muka ɗauka an gama.

A ƙarshen Mayu awon jini ya koma 156/94. Wannan karon na san abin da zan tambaya, kuma na san yadda zan tambaye shi. "Mma, me kike yi wa gwiwa yanzu?" Ta sunkuyar da kai. Ta koma shago kwana goma da suka wuce, ƙulli ɗaya a rana. "Farasitamol ɗinku ba ya jin kira, ɗana. In ban tsaya na sayar ba, wa zai biya kuɗin makarantar jikokin nan?" Mun hana ta abin da ke tsayar da ita kan ƙafafunta, ba mu ba ta abin da zai maye gurbinsa ba.

Sai muka koma kan gwiwar kanta. Hoto ya nuna zaizayar gaɓa irin ta tsufa da tsayuwa. Likita ya bar farasitamol a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, ya ƙara man diklofenak na shafawa kan gwiwa kawai, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, da sharaɗin za mu riƙa auna ƙoda. Aka tura ta wurin masu gashin ƙashi, suka koya mata motsa cinya tana zaune. 'Yarta ta sa kafinta ya yi mata doguwar kujera daidai tsayin tebur, don ta zuba abinci a zaune. Sanda ta ƙi, ta ce ba ta kai nan ba tukuna. Maganar salla a zaune ba daga bakinmu ta karɓa ba, sai da limamin masallacinsu ya tabbatar mata cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune.

Mai shagon kuwa, ni na je wurinsa da kaina bayan isha'i. Dattijo ne mai lasisin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, kuma deksametason ba ya cikinsu. Ya sani, na sani. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba rigima ta kawo ni ba." Na ba shi labarin ranar shida ga azumi, da lambobin. Ya ce shekaru yana haɗa wannan ƙullin, mutane suna dawowa suna godiya, bai taɓa jin ya taɓa ƙoda ba. Na gaskata shi, domin wanda ƙodarsa ta lalace asibiti yake zuwa, ba shago ba. Ya yi alkawarin daina sa ƙananan ƙwayoyin, kuma duk tsohon da ya zo da ciwon gaɓa zai tambaye shi ko yana da hawan jini ko suga. Na bar masa lambar wayata. Bayan sati biyu ya turo mini wani tsoho da takarda a hannu.

Zaman Alhamis

Tun daga Mayu muka sa wa kanmu zama kowace Alhamis bayan azahar, rabin awa, ni da likita da mataimakinsa da nas ɗaya. Ba allo, ba mai jawabi. Nakan zaro folda goma na masu shan magani biyar ko fiye, mu bi su da tambaya uku: wannan magani don me aka fara shi, shin wata alama da muke yi wa magani ba wani maganin ne ya haifar da ita ba, kuma yaushe aka auna ƙoda. Makonnin farko ba daɗi. Likita yana jin kamar ana duba masa aiki, ni kuma ina jin nauyin gyara wa wanda ya girme ni. Abin da ya sassauta shi ne kowace folda sa hannuna yana ƙasan nasa. In kuskure ne, na mu biyu ne.

Cikin wata uku mun gano wasu tsofaffi huɗu da ke kan irin haɗin Hajiya, maganin fitsari da dangin lisinofiril da maganin ciwon gaɓa, biyu daga cikinsu mu ne ma muka rubuta musu na gaɓar. Muka canza tambayar da ake yi a ɗakin likita. Ba a ƙara cewa "kina shan wani magani?" Nas ce ke tambaya da Hausa ko Tuwi, guda guda: me kike saya a shago, me maƙwabta suka ba ki, wane jiƙo ko tsimi, me kike yi in jiki ya yi ciwo. Duk wanda ya haura shekara sittin ana gaya masa ya zo da ledarsa sau biyu a shekara. Duk wanda aka fara wa lisinofiril ko makamancinsa losatan ina rubuta sunansa a wani littafi da ranar gwaji, in bai zo ba a kira shi. Kuma a watan Sha'aban muna zama da kowane mai ciwon suga kan batun azumi.

Satumba 2023 zuwa azumin 2024

A Yuli aka gama da firedinisolon. A Agusta, da ƙoda ta zauna, likita ya fara mata losatan miligiram 25, wanda ba ya cika kawo tari. Aka auna bayan kwana goma, ba matsala. A Satumba awon jini 134/82, sugan safe 7.2, kiriyatinin 108. Bai koma 80 ba, kuma ba ma tsammanin zai koma. Lissafi ya nuna ƙodarta tana tacewa wajen 48 yanzu a ma'aunin ƙarfin ƙoda, a da kuwa wajen 70 ne. Tana shan amlodifin, losatan, metfomin da farasitamol, da man shafawa. Gwiwa tana ciwo, musamman da damina, amma tana sayar da abincinta a zaune.

Kafin azumin 2024 muka zauna da ita da 'yarta. Likita ya gaya mata gaskiya cewa wuni ba ruwa a kan wuta haɗari ne ga ƙodarta. Ta je ta yi shawara da malaminta, ta zaɓi ciyarwa. Daga tukunyarta ta riƙa fitar da kwano kowace yamma.

Yadda nake ganin lamarin

Ba wani abu a cikin wannan folda da ban sani ba tun ina ɗalibi a jami'ar KNUST ta Kumasi. Tarin lisinofiril, kumburin amlodifin, haɗarin haɗa magunguna ukun nan a kan ƙoda, duk tambayoyin jarrabawa ne da na amsa daidai. Likita ma haka. Amma kowane ƙari ya bi ta hannuna na ƙirga na miƙa, domin ina duban takardar ranar ne, ba na duban mutum da tarihinsa. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin ya kamata ya tsaya.

Ba na cewa taron Oktoba banza ne. Daga can na ɗauko dabarar leda, kuma ba don ita ba da har yau muna ɗora laifi kan azumi da rana. Sai dai taron ya yi mana magana kan majiyyatan duniya, mu kuwa muka saurara muna tunanin wasu asibitoci ake nufi. Masu binciken yadda ma'aikatan lafiya ke canza aiki sun daɗe suna nuna cewa lacca zalla tasirinta kaɗan ne, ya fi ƙarfi in an haɗa da tattaunawa da duba aikin mutum na kansa, a maimaita, a kuma sa abokin aiki da ake girmamawa ya faɗi sakamakon. Abin da muka gani ke nan. Takardar bango ba ta ambaci sunan kowa ba. Folda tana da suna da sa hannu.

Akwai kuma abin da ba na jin an taɓa shi a tarukan da na halarta: harshen da ake tambaya da shi. Wata tara aka yi ana ƙara magani bisa amsar "a'a" ɗaya, daga tambayar da mai yi da mai amsa kowa ya fahimci abu daban. A Zongo wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata masu shirya ƙarin ilimi su sa shi a gaba kamar yadda suke sa sunayen magunguna. Haka mai shago. Shi ne likitan farko ga yawancin tsofaffinmu, yana buɗe lokacin da muka rufe, yana ba da bashi. In an bar shi a waje, abin da muka gyara da rana zai warware da dare.

Zamanmu na Alhamis ba ya cikin tarukan da ke ba da maki, don haka bana ma za mu je zauren otal mu cike na lasisi. Likita ya fara tambayar yadda ake neman amincewar majalisa ga irin wannan zama na cikin gida, ni kuma ina tattara bayanan makonnin da muka yi don a haɗa da takardar. Hajiya tana da gwajin ƙoda duk bayan wata uku. Sunanta ne na farko a littafin kira.